Jini a Ɗakin Sujada: Me Mai Bi Za Ya Yi?

A karanta tukuna: Farawa 4:8-24, Luka 13:1-5, Romawa 12:17 zuwa 13:4.

Wanda ya taso daga Abuja za shi Kaduna, in ya wuce Zuba kaɗan, za ya iske garin Madalla kusa da dutsen Zuma. Ƙasar Jihar Neja ce, amma mutanenta da yawa a Abuja su ke neman abinci, su fita da asuba su komo da dare. A nan majami'ar Katolika ta Saint Theresa ta ke. Ran 25 ga Disamba 2011 da safe, jama'a sun gama sujadar Kirsimati suna fitowa, iyaye da 'ya'yansu cikin sababbin tufafi, sai bom ya tashi cikin wata mota a bakin hanya. Mutum fiye da 35 suka mutu, waɗansu a cikin motocinsu. 'Yan Boko Haram suka ce su suka yi.

Da yawa cikin waɗanda suka mutu 'yan ƙabilar Ibo ne. Bayan mako guda kakakin ƙungiyan nan ya ba mutanen Kudu kwana uku su bar Arewa. Daga nan bindiga ta karɓi aikin. Ran 5 ga Janairu 2012 aka buɗe wuta kan masu addu'a a majami'ar Deeper Life ta Gombe. Kashegari a Mubi aka harbe 'yan Ibo waɗanda suka taru suna shawarar jana'izar nasu da aka kashe. Ran 29 ga Afrilu masu bindiga suka faɗa wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a Kano, suna harbin waɗanda su ke gudu. Ran 6 ga Agusta kuwa, a Otite kusa da Okene, aka kashe mutum 19 suna cikin nazarin Littafi Mai Tsarki da dare, kamar yadda ku ke zaune yanzu.

Ba domin in fama muku miki na kawo waɗannan ba. Na sani a cikin ƙungiyoyin da za su karanta wannan darasi akwai gwauraye da marayu. Na kawo su ne domin tambayar da ke gabanmu ba ta makaranta ba ce. In an kashe mutanenmu a ɗakin sujada saboda bangaskiyarsu, ko saboda ƙabilarsu, ko saboda biyun a haɗe kamar yadda ya kan zama a ƙasan nan, me Ubangiji ya ke so mu yi?

Kafin mu amsa, ya kamata mu san abin da mai kisan ya ke nema. A Nijeriya addini da ƙabila da gona da siyasa sun cuɗe har ya kan yi wuya a rarrabe su. Saboda haka bari mu ƙetare teku mu dubi wani wuri inda mai kisan ya faɗi nufinsa da bakinsa.

Akwai wani birni a bakin teku a Amurka, sunansa Charleston, a jihar Carolina ta Kudu. Ta tasharsa aka shigar da bayi masu ɗimbin yawa daga Afirka ta Yamma. A can akwai wata tsohuwar majami'a ta baƙar fata mai suna Emanuel, wadda bayi da 'yantattun bayi suka kafa fiye da shekara 200 da suka wuce. Ran Laraba 17 ga Yuni 2015 da maraice, wani saurayi farar fata mai shekara 21, Dylann Roof, ya shigo taron nazarin Littafi Mai Tsarki. Ba wanda ya san shi. Suka marabce shi, suka ba shi Littafi, ya zauna kusa da fastonsu, Clementa Pinckney. Suna nazarin misalin mai shuka ne cikin Markus sura 4. Ya zauna da su wajen minti 45. Da suka rufe ido domin addu'ar tashi, sai ya zaro bindiga ya kashe mutum tara, har da faston, har da wata tsohuwa mai shekara 87.

Da aka kama shi ya ce nufinsa shi ne ya tayar da yaƙi tsakanin farar fata da baƙar fata. Ku lura da wannan da kyau, 'yan'uwa. Mutanen nan tara ba su yi masa kome ba. Su ashana ce kawai a hannunsa. Gobarar da ya ke jira ita ce abin da danginsu za su yi kashegari. Haka kuma wanda ya dasa bom a Madalla ya kuma ba da wa'adin kwana uku: ya sani ba za ya iya ƙare Kirista da hannunsa ba, amma in ya sa Kirista sun tashi sun faɗa wa Hausawan da ke zaune cikinsu, aikinsa ya yi kyau. Wanda ya harbe mu a ɗakin sujada yana bukatar taimakonmu kafin ya cika nufinsa.

Ubangijinmu Yesu ya san irin wannan labari. A cikin Luka 13 waɗansu suka kawo masa labarin Galilawa waɗanda Bilatus ya sa aka kashe suna cikin miƙa hadaya, har jininsu ya gauraya da na dabbobin. Kisa ne a wurin sujada, baƙon mai mulki ya yi wa mutanen ƙasa, su kuwa 'yan lardin Yesu ne. Abu na fari da ya yi, ya wanke matattun daga zargi: ba domin sun fi sauran mutane zunubi abin ya same su ba. Kada kowa ya ce wa gwauruwar Madalla da mijinta yana da bangaskiya da ya tsira. Abu na biyu kuwa ya fi wuyar haɗiya. Bai kira su su ɗauki makami ba, sai ya juya maganar kan masu sauraro, ya ce su tuba. Wannan ba domin ya rage laifin Bilatus ba ne. Ya ga abin da ke tafasa cikin zukatansu, ya kuma san inda za ya kai su. Bayan shekara wajen 40 tawaye ya tashi, Romawa suka rushe Urushalima da Haikali a shekara ta 70.

Amma kada mu yi gaggawa. Littafi Mai Tsarki bai hana mu kuka ba, bai kuwa hana mu fushi ba. Ku karanta Zabura 74 da 79, inda mai Zabura ya ke duban Haikali a ƙone da gawawwaki a yashe, yana tambayar Allah har yaushe za ya yi shiru. Ku dubi Ru'ya ta Yohanna 6:9-11, inda rayukan waɗanda aka kashe saboda shaidarsu su ke kira a yi musu shari'a, ba a kuwa tsauta musu ba. Na sha zama wurin makoki na ji ana ce wa uwa ta yi haƙuri tun gawar ɗanta ba ta yi sanyi ba. Haƙuri abu ne mai daraja, amma wani lokaci mu kan faɗi kalman nan domin mu rufe bakin mai kuka, gama kukansa ya dame mu. Addu'ar da ta kai fushi gaban Allah ta fi murmushin da ya ɓoye shi, domin fushin da aka ɓoye ya kan nemi wata ƙofa.

Kwana biyu bayan kisan Charleston aka kawo Roof gaban alƙali, aka ba dangin matattu dama su yi magana. Waɗansu cikinsu, suna kuka, suka ce sun gafarta masa. Mijin matar da ta bi da nazarin a daren nan ya gafarta masa, ya kuma kira shi ya tuba ya ba da ransa ga Almasihu. Duniya ta yi mamaki. Amma ba dukansu suka faɗi haka ba. Akwai 'yan mata biyu uwa ɗaya, an kashe uwarsu a daren: ɗaya ta gafarta a gaban alƙali, ɗayar kuwa, ko da ya ke ita kanta mai hidimar Bishara ce, ta faɗa a fili ba ta kai nan ba tukuna, ta kuwa daɗe tana kokawa kafin ta kai. Ni ban ga ɗaya ta fi ɗaya bangaskiya ba. Akwai kuma baƙar fata da yawa da suka yi tambaya mai nauyi: don me kullum a ke jiran wanda aka zalunta ya yi saurin gafara, alhali ba a matsa wa azzalumi ya yi saurin tuba? Tambayan nan tana da gaskiya a cikinta, mu ma a nan mun san ta.

To, mece ce gafaran nan da aka umurce mu? A nan bari in kawo abin da aikin juya Littafi ya koya mini. Kalmar da Sabon Alkawari ya fi amfani da ita a Helenanci, ma'anarta ta fari ita ce a saki abu, a bar shi. Ita ce aka mora inda almajirai suka bar tarunansu a bakin teku (Markus 1:18), ita ce kuma inda sarki ya yafe wa bawansa bashi (Matta 18:27). Watau gafara sakin bashi ce. Ba cewa ba a ci bashin ba ne, ba mantuwa ba ce, ba kuwa jin daɗi a zuciya ba ne. Mai gafara ya san abin da a ke binsa sarai, sai dai ya ɗauke hannunsa daga karɓa da kansa.

Hausa kuwa tana da wata kalma da ta daɗe tana ba ni tunani, ita ce fansa. In mutum ya rama, a kan ce ya ɗauki fansa. In ɓarayin daji suka kama mutum, a kan biya kuɗin fansa. Ubangijinmu kuma muna ce da shi Mai Fansa, gama ya ba da ransa domin mutane da yawa (Markus 10:45). A duka ukun akwai bashi, akwai kuma wanda za ya biya. Mai ɗaukar fansa yana karɓar biya daga jikin wani. Mai Fansa ya biya daga nasa jikin. Wanda ya ke raira waƙar fansa ran Lahadi, ya kuma fita ɗaukar fansa ran Litinin, kalma ɗaya ya ke faɗi, amma iyayengiji biyu ya ke bauta wa.

Wani za ya ce, ashe sai mu naɗe hannu mai kisa ya tafi abinsa? Ko kaɗan. Ku karanta ƙarshen Romawa 12 da farkon Romawa 13 a jere ba tsayawa. Bulus bai sa lambar sura ba. Sai bayan shekara fiye da 1,000 aka rarraba Littafi haka, rabon kuwa ya faɗi a tsakiyar magana ɗaya. A gefe guda ya ce kada mu rama da kanmu, mu bar wa Allah sakamako. Ba tare da ya ajiye alƙalami ba ya ce mai mulki ma'aikacin Allah ne, an ba shi takobi domin hukunta mai mugunta. Takobin da aka karɓe daga hannunka an sa shi a hannun hukuma, kuma za ta ba da lissafinsa. Saboda haka neman shari'a aikin mai bi ne. Bulus kansa ya ƙi fita kurkukun Filibi a ɓoye sai mahukunta sun zo da kansu, daga baya kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar.

A Amurka an yanke wa Roof hukuncin kisa a watan Janairu 2017, bai kuwa nuna nadama a kotu ba. Gafarar dangin ba ta buɗe masa kurkuku ba. A nan gida, Kabiru Sokoto, wanda aka kama a Abuja a kan maganar Madalla a watan Janairu 2012, ya tsere a Abaji, aka sake kama shi a Mutum Biyu ta Jihar Taraba, Babbar Kotun Tarayya a Abuja kuma ta yanke masa ɗaurin rai da rai a watan Disamba 2013. Na Owo kuwa, inda masu bindiga suka kashe mutum wajen 40 a majami'ar Saint Francis ran Fentikos, 5 ga Yuni 2022, sai a watan Agusta 2025 aka gurfanar da mutum biyar gaban kotun nan ta Abuja. Shekara uku ke nan. Ku masu bi da ke zaune a Abuja, kotunan nan a garinku su ke, majalisa a garinku ta ke. Gwauruwar da ta dami alƙali har ya biya mata hakkinta (Luka 18:1-8) ba ta yi zunubi ba. Ekklesiyar da ta ke wa'azin gafara amma ba ta bin sawun shari'ar 'ya'yanta, ta ɗora wa gwauraye kaya ta bar su su kaɗai, kuma inda shari'a ta yi barci, can ramuwa ta kan farka.

Yanzu mun zo inda na ke so mu daɗe. Gafarta wa Kabiru Sokoto, a ganina, ba shi ne abu mafi wuya ba. Yawancinmu ba za mu taɓa ganinsa ba. Muna iya tsayawa cikin sujada mu ce mun yafe masa, mu ji zuciyarmu ta yi fari, ba mu yi hasarar kome ba. Gwajin yana bakin ƙofar gidanmu: mai gadi, mai shayi, ɗan garuwa, ɗan acaba, Bafillatanar da ta ke kawo nono. Harshensu ɗaya da na mai kisan, ko shigarsu, ko sallarsu. In labarin wani hari ya zo da safe, da wane ido mu ke dubansu da rana?

Ga abin da ya kan faru in idon ya sake. Ran 24 ga Fabrairu 2004, a garin Yelwa na ƙasar Shendam a Jihar Filato, aka kashe Kirista fiye da 70, yawancinsu a harabar majami'ar COCIN. Mugun abu ne ƙwarai. Ran 2 da 3 ga Mayu mutane ɗauke da makamai daga ƙauyukan kewaye, masu amsa sunan Kirista, suka kewaye garin suka kashe Musulmi fiye da 600, har da mata da yara. Bayan mako guda aka tashi a Kano aka kashe mutum fiye da 200, yawancinsu Kirista waɗanda ba su taɓa taka Yelwa ba. Sai da Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato. Ku jera lambobin nan ku duba. Wannan shi ne lissafin Lamek na zuriyar Kayinu, wanda ya yi fahariya gaban matansa cewa ramuwarsa za ta ninka har saba'in da bakwai (Farawa 4:23-24). Da Bitrus ya tambayi Ubangiji sau nawa za ya gafarta, lambar Lamek ɗin nan Ubangiji ya ɗauko ya juya ta (Matta 18:21-22).

Kusa da mu kuma, ran Lahadi 17 ga Yuni 2012, aka kai hari da bom kan majami'u uku a Zariya da Kaduna. Kafin rana ta faɗi samari suka tare hanyar Abuja a Gonin Gora, suna fitar da matafiya daga mota suna kashe waɗanda suka ga alamar Musulmi ne. Matafiyan nan ba su dasa bom ba. Watakila waɗansunsu ba su ma ji labarin ba tukuna. Dole mu kira abin da sunansa: kisankai ne, irin na Kayinu, kuma irin na Roof ne sak, gama an kashe mutum saboda jama'ar da ya fito. A ranan nan mai bom ya sami taimakon da ya ke nema.

Shari'ar Allah a kan wannan a fili ta ke. Ba za a kashe uba saboda laifin ɗa ba, ko ɗa saboda laifin uba (Kubawar Shari'a 24:16, Ezekiyel 18:20). In ba a kama ɗa da laifin ubansa ba, ƙaƙa za a kama mai shayi da laifin wanda bai taɓa gani ba? Da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, Yaƙub da Yohanna suka so su kira wuta ta cinye ƙauyen duka, ya juya ya tsauta musu (Luka 9:51-56). A sura ta gaba kuwa, da ya so ya nuna wane ne maƙwabci, Basamariye ya zaɓa.

Bari in faɗi wani abu a kan kaina. Fatata irin ta Dylann Roof ce. Sa'ad da labarin Charleston ya iso, ba ko mutum ɗaya cikin 'yan'uwana a nan da ya dube ni da wani ido, ko ya ce in ba da amsa domin abin da ɗan'uwana Bature ya yi. Kun san laifinsa nasa ne. Alherin nan da kuka yi mini ba tare da kun yi tunani ba, shi ne Ubangiji ya ke so ku yi wa Bahaushe Musulmi da Bafillace. Kada kuma mu manta, masu bindigan nan ba su bar masallaci ba: ran 28 ga Nuwamba 2014 sun kashe mutum fiye da 100 da bom da harsashi a babban masallacin Juma'a na Kano.

Akwai kuma abin da ya kamata ya ƙasƙantar da mu. Sunan Roof yana cikin littafin 'yan wata ekklesiyar Lutheran. A Ruwanda a 1994, a Ntarama da Nyamata, waɗanda aka yi wa baftisma ne suka kashe waɗanda aka yi wa baftisma a cikin majami'u saboda ƙabila. Ƙiyayyar ƙabila tana iya zama kan bencin sujada shekara da shekaru ba wanda ya tashe ta. Mu da mu ke sujada da Hausa a Abuja, Gbagyi da Bajju da Berom da Ngas da Bura da Hausawa masu bi, mun san maganganun da mu kan yi a kan juna in an zo zaɓen dattawa ko auren 'ya'ya. Mun san kuma yadda ɗan'uwa Bahaushe ko Bafillace mai bi ya kan sha tambaya a ƙofar majami'a saboda hularsa. Bulus ya ce Almasihu ya rushe katangar gaba da jikinsa (Afisawa 2:14-16). Ba daidai ba ne mu riƙa kwashe tubalin muna sake ginin.

Basamariyen namu ma ya bayyana. Ran 23 ga Yuni 2018 masu bindiga suka faɗa wa ƙauyukan Barikin Ladi a Filato. A ƙauyen Nghar, liman Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara 83 a lokacin, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa. Ya tsaya a waje gaban maharan ya ƙi ba da su, yana roƙo, har suka tafi. Duk wanda ya ce dukansu ɗaya ne, sai ya je ya faɗa wa mutanen nan 262.

Saura maganar tsaro, wadda na sani za ta tashi a kowace ƙungiya. Tun daga Madalla majami'un Abuja suka sake kama: shinge a bakin hanya, motoci nesa da gini, samari a ƙofa da sandan nan mai ƙara da a ke shafa wa mutum. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne. Nehemiya ya yi addu'a ya kuma sa matsara dare da rana (Nehemiya 4:9). Manyan mutane ma sun yi kira a kare kai, kamar yadda Janar T. Y. Danjuma ya yi a Jalingo a watan Maris 2018. Masu bi na kirki sun rabu a kan iyakar wannan, ni kuwa ba zan kā da uban da ya tare ƙofa domin 'ya'yansa ba. Amma ga ma'aunin da na ke riƙe da shi. Tsaro yana tsaye a ƙofarsa, yana fuskantar wanda ya zo da makami, kuma yana ƙarewa sa'ad da maharin ya juya. Ramuwa ita ce ta kan tafi ƙofar wani kashegari. Makamin da aka tara da sunan na fari ya kan ƙare a aikin na biyu, Yelwa ta shaida. Saboda haka ban yarda ekklesiya ta mai da baikonta kuɗin bindiga ba, balle dokar ƙasa ta hana riƙe ta ba da izini ba. Takobi ɗaya da aka zare domin kare Yesu, shi da kansa ya sa aka mayar da shi kube, ya kuma warkar da kunnen da aka sare (Luka 22:49-51).

Ba zan yi muku alkawarin da Ubangiji bai yi ba. Fada Isaac Achi shi ne limamin majami'ar Madalla ranar da bom ya tashi. Ya tsira, ya binne mutanensa, ya ci gaba da hidima a Jihar Neja. Ran 15 ga Janairu 2023 masu bindiga suka zo gidansa a Kafin Koro da dare, suka sa wa gidan wuta, ya mutu a ciki. Hanyan nan ba ta tabbatar wa kowa tsawon rai ba.

Abin da ya fi damuna a labarin Charleston shi ne kujerar da aka ba baƙon. Sun yi abin da Ibraniyawa 13:2 ya umurta, ta nan kuwa mutuwa ta shigo. Shin sun yi kuskure? Ekklesiya ta fari ta sha wannan tsoro. Da Shawulu, wanda ya goyi bayan kisan Istifanus, ya zo Urushalima yana so ya shiga cikin almajirai, duka suka ji tsoronsa, ba su gaskata ya tuba ba, kuma suna da dalili. Sai da Barnaba ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni (Ayyukan Manzanni 9:26-27). Barnaba bai rufe ido ba, ya san labarin mutumin, ya bincika, sa'an nan ya tsaya masa. Mutanen Emanuel kuwa suka buɗe majami'arsu ran Lahadin da ta biyo, Laraba ta kewayo suka koma nazari a ɗakin nan da aka yi harbin.

Ku tattauna wannan kafin ku tashi: in baƙo mai rawani ko mai sandar kiwo ya tsaya a ƙofarku ran Laraba mai zuwa ya ce yana so ya ji karatun, wa za ya fita wurinsa, me za ya tambaye shi, a ina kuma za a zaunar da shi? Ku tsai da shawara tun yanzu, ku sa sunan wanda za ya yi aikin Barnaba. A addu'ar rufewa kuma, bayan kun ambaci mutanen Madalla da Owo da Kafin Koro, kowa ya ambaci sunan maƙwabcinsa ɗaya Musulmi wanda ya sani. Wanda ya iske bai san sunan ko ɗaya ba, sai ya tambayo kafin taro na gaba.